Yadda ake shirya taron suna da karɓar baƙi da kuɗi kaɗan ba tare da cin bashi ba

Taron suna yana da wani sauƙi da sauran tarukan gida ba su da shi, domin ana sanin zuwansa tun da sauran watanni. Baƙon da ya sauka da daddare ba ya aiko da saƙo, amma haihuwa tana ba maigida kusan wata tara ya yi shiri. Duk da haka, a gidaje da yawa sai an ji kukan jariri sannan angon ƙarni yake fara lissafi, ya shiga kasuwa cikin kwana shida ya sayi komai a farashin da ya tarar, abin da kuɗinsa bai kai ba kuma ya cike da rance. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tashin farashin abinci da na sufuri da ya biyo baya, irin wannan shiri na gaggawa ya zama abin da yake barin gida cikin bashi har jariri ya fara zama. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin mai ƙaramin ƙarfi, kuma duk da cewa an gina su a kan taron suna kamar yadda ake yin sa a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, yawancinsu suna aiki a walimar saukar Alƙur'ani da tariyar sabon gida da karɓar baƙin Sallah.

Mataki na farko: a yanke adadin kuɗi kafin a yanke komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tsara yadda ake so taro ya kasance, sannan a tafi neman kuɗin da zai ɗauki nauyinsa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a juya lamarin. Maigida da uwargida su zauna tun ciki yana wata huɗu ko biyar, su faɗa wa juna gaskiyar abin da za su iya warewa a kowane wata, su tara jimillar, su amince cewa taron ba zai wuce wannan adadi ba. Daga cikin jimillar, kason farko da za a cire a ajiye gefe shi ne na asibiti, domin babu wanda ya san yadda haihuwa za ta zo, kuma idan ta kai ga tiyata ko ƙarin jini, kuɗin shinkafa da lemo ne za su fara tafiya. Kaso na biyu na mai jego ne, wato abincinta da itacen wanka da magani na tsawon kwana arba'in. Abin da ya rage bayan waɗannan biyu shi ne kuɗin taro, kuma a cikinsa ma yana da kyau a ɓoye kashi ɗaya cikin goma domin abubuwan da ba a taɓa tunawa da su sai ranar, kamar ƙarin ƙanƙara da kuɗin motar dattijuwar da ta zo daga ƙauye.

Wanda yake cikin adashi ya nemi uwar adashi tun da wuri ta sanya kwasarsa a watan da ya gabaci watan haihuwa. Wannan ya fi rance nesa ba kusa ba, musamman rancen manhajojin waya, waɗanda suke ɗora ruwa mai yawa kuma wasunsu suke aika wa mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci idan ya makara. Gudummawar 'yan uwa da abokai kuwa kada a saka ta cikin lissafi ko kaɗan. Takan zo, amma takan zo ne a ranar taro ko bayansa, kuma babu mai iya sanin yawanta.

Mataki na biyu: a raba abin da addini ya nema da abin da aka saba da abin da gasa ta kawo

Wannan zama yana da muhimmanci, kuma ya fi kyau a yi shi tare da babbar mace guda daga kowane ɓangare, domin idan gwaggo ko uwar miji ta amince da tsari tun farko, ita ce za ta kare shi a gaban masu surutu. Abin da addini ya nema kaɗan ne: a raɗa wa yaro suna mai kyau, a yanka dabba a rana ta bakwai ga wanda yake da hali, a aske gashin jariri a yi sadaka. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suke bi, dabba ɗaya ta wadatar ko namiji aka haifa ko mace, kuma ba rago kaɗai ba, tunkiya ko akuya da ta cika sharuɗɗan layya ita ma ta yi. Malaman mazhabar ma sun fi son a ci naman a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta, a kan a mayar da shi babbar liyafa da ake tara jama'a dominta. Wanda yake shakka game da shekarun dabba ko lafiyarta ya tambayi limamin unguwarsa kafin ya biya kuɗi.

Sai abin da aka saba, wanda yake da daraja kuma bai kamata a yi watsi da shi ba: goro da dabino na safiyar suna, hakkin wanzami da na ungozoma, ƙaurin mai jego da kunun kanwa, kayan fitar suna, da abincin matan da za su yini. Waɗannan ana iya rage yawansu ba tare da an soke su ba. Kayan fitar suna, alal misali, turmi ɗaya mai kyau da aka ɗinka da wuri ya fi kala uku da aka saya bashi a Kantin Kwari aka kai wa tela saura kwana biyu, ya caji kuɗin gaggawa.

Rukuni na uku shi ne wanda yake cinye kuɗi ba tare da ya ƙara wa baƙo komai ba: anko, kama zauren taro, mai kiɗan na'ura, mai kwalliya, kalanda da sitika da memo masu hoton jariri, da robobin rabo. A ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi ya soke wannan rukuni gaba ɗaya. Anko ma nauyinsa ba a kan mai taro kaɗai yake ba, yana hana 'yar uwa marar hali zuwa saboda kunya, alhali ita ce za ta fi kowa tsayawa a kan tukunya.

Mataki na uku: a ƙidaya mutane da sunayensu

Yawan jama'a ne yake yanke kuɗin taro, ba irin abincin ba. Saboda haka a ɗauki takarda a rubuta gidaje ɗaya bayan ɗaya: dangin miji, dangin mata, maƙwabtan layi, abokan aiki ko na kasuwa, ƙawayen mai jego da matan Islamiyyarsu. A gaban kowane gida a rubuta mutum nawa ake sa ran za su zo, kuma a tuna cewa mace ba ta cika zuwa suna ita kaɗai ba, akwai goyo, akwai yaro ko biyu, wani lokaci da ƙanwa mai rakiya. Bayan an tara, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin bikin farar kaza balbela ba ta jiran gayya, kuma yaran unguwa da almajirai suna da rabonsu a kowane taro.

Hanyar gayyata ita ma tana ƙara jama'a ko ta rage su. Saƙon da aka jefa a babban zauren WhatsApp ko aka manna a Facebook gayyata ce ga duk wanda ya gani. Idan ana son taro ya tsaya daidai ƙarfi, a kira mutane ɗaya-ɗaya, manya kuma a taka a je har gida a sanar da su, wanda hakan ya fi kati daraja a wurinsu kuma ba ya cin ko kwabo. Ga abokan aiki da na kasuwa, ya isa a gayyace su raɗin suna na safe kawai.

A nan ne kuma ake yanke lokaci, kuma lokaci kuɗi ne a zahiri. Taron maza ba shi da tsada saboda gajere ne: ana idar da sallar asuba a taru a ƙofar gida ko a masallaci, liman ya yi addu'a, a sanar da suna, a raba goro da dabino da alawa, kafin hantsi kowa ya kama gabansa. Yinin mata ne yake da nauyi, domin idan suka fara zuwa tun da hantsi, sai an yi karin kumallo, an yi abincin rana, wasu ma har na dare. Maganin wannan shi ne a faɗa a cikin gayyata cewa taro daga bayan azahar ne zuwa kafin magariba. Makusanta masu aiki ne kaɗai za su zo da safe, su kuma koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo ya ishe su. Da wannan kaɗai an mayar da girki uku ya koma ɗaya, kuma an kauce wa kuɗin man janareta tun da za a watse da sauran haske.

Mataki na huɗu: sayayya a kan lokaci kuma a inda ya dace

Kayan da ba sa lalacewa a fara tara su kaɗan-kaɗan tun da watanni: shinkafa, gero, wake, man gyaɗa, sukari, busasshen zoɓo, citta, kanumfari, tsamiya, daddawa, gishiri, dunƙulen miya da itace ko gawayi. Hatsi ya fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sannan yakan yi ta hawa har tsakiyar damina, don haka wanda matarsa za ta haihu a watan Yuli ya fi masa ya sayi geron kunu tun Janairu, ya adana a jarka ko buhun da iska ba ta shiga saboda ƙwari. A Kano, hatsi a Dawanau ake samun sa da sauƙi, sukari da mai da taliya a kasuwar Singa, kayan miya a 'Yankaba, goro a Mariri. Sai dai a yi lissafin kuɗin mota: wanda zai sayi kwano uku kacal, zuwa Dawanau daga wani gefen gari asara ce. Ribar sari tana fitowa ne idan an haɗa kai da maƙwabci ko ɗan uwa aka sayi buhu aka raba.

Dabbar suna ita ce abu mafi tsada guda ɗaya. Idan akwai fili a gida, a sayi matsakaicin rago tun saura wata uku ko huɗu a kasuwar ƙauye ko irin ta Wudil da ke ci ranar Juma'a, a riƙa ba shi dusa da harawa da ragowar abinci. Idan kuwa lokacin haihuwa ya faɗo kusa da Babbar Sallah, sayen da wuri ya zama dole, domin a makonnin da suka gabaci layya farashin dabbobi yakan tashi sosai. Wanda ba shi da wurin kiwo yana iya biya ya bar wa amintacce a ƙauye ya riƙe masa.

Kayan miya su ne ba sa jira, sai saura kwana ɗaya ko biyu. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha a lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da amfanin noman rani na yankin Kura da Kadawa yake cika kasuwa, suna kuma tsada ƙwarai da farkon damina. Idan suna ya zo a lokacin tsadar, a haɗa busasshen tumatir da aka jiƙa aka wanke sosai da ɗan ɗanye da albasa mai yawa, ko kuma a zaɓi abincin da ba ya dogara da tumatir.

Mataki na biyar: zaɓen abinci da auna shi

Ƙa'idar ita ce babban abinci ɗaya da aka dafa da kyau, ya isa kowa, ya fito da zafinsa. Kala uku da kowanne ya ƙare kafin rabin mutane su samu ya fi jawo magana a kan kala ɗaya wadatacce. Zaɓin ya danganta da lokacin shekara da yawan hannayen da za su taimaka.

Dafa-dukan shinkafa ita ce mafi sauƙin sarrafawa, domin tukunya ɗaya ce, ba ta buƙatar miya daban, kuma rabonta ba ya wahala. Tuwon shinkafa ko na masara da miyar taushe ya fi araha da kaka, lokacin da kabewa da alayyafo da gyaɗa suke ko'ina, kuma dattawa sun fi jin daɗinsa, sai dai yana son mata masu ƙarfin tuƙi da masu malmala. Dambun tsakin masara ko na shinkafa da zogale yana da auki ƙwarai, ba ya neman nama, ɗan mai da yaji da soyayyiyar albasa sun wadatar da shi. Waina kuwa, duk da farin jininta a wurin taro, tana shan mai, tana cin itace, tana kuma tsare mace biyu ko uku a gaban tanda tun asuba, ga jiƙo da niƙa da kwaɓi tun daren jiya. Idan ana son ta, a yi kaɗan domin kwanukan manya da surukai kawai.

Wajen awo, kwano ɗaya na shinkafa, wanda ya kai kimanin kilo biyu da rabi, yana ciyar da manya 15 zuwa 20 idan an zuba daidai misali. A ɗauka lissafi ya nuna mata 60 da yara 30, ga kwanukan da za a aika maƙwabta da na almajirai. Kwano shida zai ɗauki waɗanda suka zo, a ƙara ɗaya domin aike, ya zama bakwai. Idan aka haɗa da wake, aka yi shinkafa da wake da mai da yaji domin yara da almajirai a tukunya daban, za a rage shinkafar babbar tukunya da naman da za ta ci. Wannan tukunya ta biyu a fara sauke ta, a sallami yara tun kafin manyan baƙi su cika gida, domin yaron da ya ƙoshi ba ya tsayawa a bakin madafa.

Nama shi ne inda lissafi yake rushewa idan ba a kula ba. A gidaje da yawa naman ragon suna ba ya shiga tukunyar ranar, sai washegari ake soya shi a raba wa dangi da maƙwabta, kayan ciki kuma a yi wa mai jego farfesu. Wanda ƙarfinsa bai kai ya sayi wani nama daban ba, babu laifi ya ɗebi cinya ɗaya da haƙarƙari a saka a abincin taro, tun da ana yanka da safe ne kuma girki sai wajen hantsi. Idan za a saya, a je kwata da sassafe maimakon teburin unguwa, ko a shiga watanda idan ana yi a kusa. Kilo ɗaya na naman sa yana ba da yanka 20 zuwa 25 matsakaita, saboda haka kilo huɗu zuwa biyar ya ishi mutum ɗari a yanka ɗai-ɗai. A soya naman daban, a ƙirga shi, a damƙa wa mace ɗaya mai riƙon amana wadda ita kaɗai za ta riƙa ɗorawa a kan abinci. Naman da aka zuba cikin tukunya aka juya, masu zuwa da wuri ne suke cinye shi. Romon da aka tafasa naman da shi kuma shi ne zai ba dafa-dukan ɗanɗano, kada a zubar. Kaza a bar ta sai ga kwanon surukai idan da hali, domin a taro ba ta da auki.

Yadda ake zuba abinci yana iya rage kuɗi fiye da yadda ake zato. Robar ɗauka ta mutum ɗai-ɗai tana da kuɗinta, tana kuma sa kowa ya karɓi tasa ya nemi ta wanda ya bari a gida. Babban faranti da mutum huɗu ko biyar za su kewaye ya fi auki, shi ne kuma abin da aka gada, kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. A ware kula biyu ko uku tun farko a kulle a ɗaki domin waɗanda za su zo a makare, musamman dangin nesa da ma'aikatan da sai sun tashi daga aiki.

Mataki na shida: abin sha

Lemon kwalba da na roba a taron mutum ɗari yana iya cin kuɗin da ya kusa na shinkafa, alhali zoɓon da aka haɗa a gida ya fi shi karɓuwa idan ya yi sanyi. A wanke busasshen zoɓo, a tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, a bar shi ya huce, a tace, sannan a sa sukari. Ana iya dafa shi tun daren jajibiri, amma kada a sa sukari sai da safe. Lamurje na tsamiya da citta shi ma haka yake da sauƙi. Kunun aya yana da daɗi, sai dai ba ya jure zafi, cikin 'yan sa'o'i yake lalacewa idan babu ƙanƙara, don haka a lokacin bazara gara a haƙura da shi. A zuba abin sha a manyan kuloli da ƙanƙara, a riƙa ɗiba da jug ana zuba wa mutane a kofi, ko a ɗura a leda tun da safe. Ruwan da za a haɗa shi da shi ya zama mai tsabta, domin gida ne mai jariri da mai jego, kuma ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a bar ta cikin ledarta ta sanyaya daga waje.

Ruwan leda jaka ɗaya tana ɗauke da guda 20. A lissafa biyu ga kowane mutum, uku idan lokacin zafi ne, a saya kai tsaye daga motar masu kamfani da ke zagaya unguwa. Goro kuwa ƙwarya ɗaya guda ɗari ce, kuma yanzu da matasa da yawa ba sa cin sa, ƙwarya ɗaya tare da dabino da alawa ta ishi taron safe na mutum arba'in ko hamsin har a aika wa dattawan da ba su samu fitowa ba.

Mataki na bakwai: wuri da kayan aro

Tsakar gida da zaure da ƙofar gida sun isa. Idan gidan haya ne mai ƙunci, a roƙi maƙwabciya tun da mako guda ta ba da tsakar gidanta ko ɗaki ɗaya, a kuma sanar da sauran 'yan haya. Tabarmi da dardumai da manyan tukwane da farantai da butoci duk ana samun aronsu a unguwa, kuma kusan kowane layi akwai gidan da aka sani da tukunyar biki. A rubuta abin da aka aro da gidan da ya fito, a ɗan yi wa kowane alama da fenti ko zare. Kujerun roba a yi hayar kaɗan domin tsofaffi masu ciwon gwiwa. Rumfar haya ba dole ba ce sai da damina ko in babu inuwa, kuma ko a lokacin tamfol da aka ɗaure da kyau yana biyan buƙata. Idan taron safe zai tare hanya, a gaya wa mai unguwa.

Abin da ba ya cin kuɗi amma baƙo yake lura da shi tun daga ƙofa shi ne shara da yayyafi, turaren wuta, banɗaki mai tsabta da ruwa a cike, da wurin sallah da aka keɓe. A cika randuna da durom tun jajibiri, domin 'yan garuwa sukan ƙara kuɗi idan suka ga taro.

Mataki na takwas: rabon aiki da tafiyar da ranar

Mai jego ba ta aiki, maigida kuma ba zai iya shiga cikin mata ba, saboda haka dole a naɗa mace ɗaya da za ta riƙe ragamar cikin gida, kuma kowa ya san ita ce mai magana ta ƙarshe a kan abinci. A ƙarƙashinta a sami masu girki, da mai nama, da mai abin sha, da 'yan mata biyu masu kai faranti da kwashe shi, da wadda za ta zauna kusa da mai jego tana karɓar kayan barka tana rubutawa. Mabuɗin ɗakin da aka ajiye kayan abinci ya kasance a hannun mutum ɗaya. Sauran ɗakunan da ba a buƙata a kulle su, domin taron suna yana jawo masu shigowa da siffar baƙi su fita da waya ko jaka ko takalmi. A waje kuma a sa ƙane ko aboki ya riƙe 'yan canji na maroƙa da sanƙira, adadin da aka yanke tun farko, idan ya ƙare ya ƙare.

Karɓar mutane ita ce ainihin aikin, kuma a nan ne ƙaramin taro yake iya fin babba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A sa mace mai fara'a da ta san dangin ɓangarorin biyu ta tsaya kusa da ƙofa, ta yi wa kowa maraba da sunansa, ta nuna masa wurin zama, a kawo ruwa nan take kafin abinci. Dangin miji da dangin mata a ba su kulawa iri ɗaya, kwano iri ɗaya, a lokaci ɗaya, domin yawancin ƙorafin da ake yi bayan suna ba a kan ƙarancin abinci yake ba, a kan wa aka fara ba ne. Tsofaffi a kai su su ga jariri ba tare da sun jira ba, idan za su tafi a taka musu zuwa ƙofa. Kada mai gida ko mai jego su riƙa ba da haƙuri a kan cewa abin bai yi yawa ba, domin hakan yana jawo hankalin baƙo ga abin da bai ma lura da shi ba. Godiya da addu'a sun wadatar. Jaririn kuma a rage yawan hannayen da za su ɗauke shi, a ajiye ruwa da sabulu kusa da ƙofar ɗakin.

Idan abinci ya nuna alamar ƙarewa alhali mutane suna ta shigowa, kada a tura kasuwa a rikice. A tanadi taliya ƙulli huɗu ko biyar da ragowar kayan miya tun farko, domin cikin rabin sa'a ake sauke ta, idan kuma ba a buƙace ta ba tana nan domin gida.

Mataki na tara: washegari

Abincin da ya rage a raba shi a daren, kada a bar dafa-duka ta kwana a tukunya a lokacin zafi. Da safe a soya naman suna, a fara cire na mai jego, sannan a ƙulla na dangi da maƙwabta, a sa na matan da suka yi girki ya fi na kowa, tare da ɗan sabulu ko turmin atamfa daga cikin kayan barka idan sun yi yawa. Kayan aro a wanke su a mayar kafin azahar bisa takardar da aka rubuta, abin da ya fashe ko ya ɓata a faɗa wa mai shi a biya, domin wanda ya mayar da tukunya a kan lokaci shi ake sake ara wa.

Littafin da aka rubuta gudummawa a adana shi da kyau. A al'adar biki tsakanin mata, abin da ƙawa ta kawo ana mayar mata da shi idan nata ya tashi, sau da yawa har da ƙari, don haka kuɗin da aka tara ranar suna rabinsa amana ce da za a fitar nan gaba. A fara biyan duk wani ɗan bashi da ya maƙale, na mai ƙanƙara ko na mai kujeru, sannan a sayi abin da mai jego za ta ci har ta yi arba'in, sauran kuma a ajiye domin kuɗin motar zuwa rigakafin jariri, wanda zagayensa na gaba yake zuwa idan ya cika mako shida.